Lasisina a Bangon Shamsu

Ina gaishe ku, har da waɗanda suka cika mini waya da wa'azi tun da na fara ba da labarin nan. Akwai wata baiwar Allah da ta rubuto cewa son kuɗi ne zai hana ni aure. Na gode, 'yar'uwa. Ki daure ki karanta na yau har ƙarshe, sannan ki dawo ki nuna mini mai son kuɗin.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Rumaisa'u Junaidu, nas ce ni kuma ungozoma a wani asibitin gwamnatin jiha a nan Kaura Namoda. Shekarata shida ina aiki. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu a makarantar nas, ya bar ni da Inna da yayana Faruku, ma'aikaci a sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Wanda aka sa mana rana bayan babbar salla kuma shi ne Shamsuddeen, mai shagon magani a Shinkafi. Mutanen ƙauye suna ce masa Dokta, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Kada wani ya fara tausayina, ba wanda ya yi mini dole. Ni na ga dogo mai farin gilashi da zaƙin baki na ce na ji na gani.

Albashinmu na jiha kafin goma ga wata ya yi sallama. Na daɗe ina cin wannan baƙin cikin ni kaɗai, har ranar da ƙawata Azumi ta turo mini saƙon murya na minti bakwai. Tare muka gama makaranta da ita, amma ta koma ta karanci allurar barci, yanzu tana aiki da wata ƙungiyar agaji a Zurmi. Har yau ban goge saƙon ba.

"Rumaisa, taurin kai gare ki," in ji ta. "Nas ɗin da ba ta ƙara karatu ba, ko shekara ashirin tay yi, gyaran gado za ta ƙare a kai. Ki zaɓi hwanni guda ki riƙe. Allurar barci, ko ɗakin tiyata, ko wankin ƙoda. Mu masu allurar barci mu nawa na duk yankin ga? Likita ba shi yanka mutum sai muna tsaye. In kin samu wagga takarda, asibitin tarayya na ɗaukar ki, kuma albashinsu ba irin na jiha ba na. Ƙungiyoyin agaji na biɗar ki, in kau wurin da aka tsoro na kamar nan Zurmi, ga alawus ɗin hatsari bisa. In kin gaji da ƙasar gaba ɗai, ki rubuta jarrabawar Saudiyya ki tahi. Amma duk wanga sai lasisinki na da tsabta. Ki kula da shi hiye da idonki."

Sau biyu ina neman makarantar allurar barci ina faɗuwa. A na uku sunana ya fito. Saƙonsu ya shigo ranar Laraba ina cikin wanke hannu a ɗakin haihuwa: in bayyana ranar Litinin ƙarfe tara na safe da takarduna na ainihi, har da lasisi, wanda bai zo ba an ba na bayansa. Sai da na karanta sau huɗu. Na shiga ɗakin canza kaya na yi sujada da yunifom a jikina.

To a gidanmu akwai wata al'ada da Baba ya bari. Duk wata takarda ta gidan, daga ta fili har katin rigakafina na jarirai, tana cikin akwatin ƙarfe kore a ƙarƙashin gadon Inna, makulli kuma yana hannun babban namiji. Mace ba ta ajiye takardarta, wai kada ta ɓace a hidimar biki ko ƙaura. Ni da kwafi nake yawo, na ainihin suna akwati, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Na dawo gida bayan la'asar na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince zogale a faranti, Yaya Faruku yana kan tabarma da rediyo, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ba su labari ina dariya, na ce karatun na wata goma sha takwas ne. Inna ta ce Allah ya sa alheri ba tare da ta ɗago ba. Yaya ya rage muryar rediyo.

"Wata goma sha takwas? Auren hwa?"

"Aure ba ya hana karatu, Yaya. Ba ni makulli in hiddo takarduna."

"Mi na na gaggawa? Bari sai gobe."

"Yanzu nika so."

Ya dubi Inna, Inna ta dubi zogale. Na tsaya a kansa har ya zaro makullin daga aljihu ya jefo mini a ƙasa. Na jawo akwatin na zazzage shi a kan gado. Ga sakamakon sakandare, ga satifiket ɗin makarantar nas, ga na ungozoma. Farar ambulan ɗin da lasisina yake ciki tana nan, amma ba komai a cikinta.

Na fito da ita a hannu. "Ina lasisina?"

"Yana wurin Shamsu," in ji Yaya, kamar wanda aka tambaya ina buta.

"Mi ya kai shi can?"

"Cewa yay yi zai yi muku rajistar asibiti, ke da shi. Mijinki na, Rumaisa. Abin da ke naki ai nashi na."

"Ba a ɗaura ba tukuna. Tun yaushe?"

"Wata takwas."

Wata takwas ina cin tuwo da mutanen nan a kwano ɗaya. Wata takwas Shamsu yana zuwa zance kowace Juma'a da yamma, ya zauna a kujerar roba a zaure yana ce mini sarauniya, yana tambayata ko na gaji a wurin aiki. Na koma ɗaki na mayar da takardun, na kulle akwatin, na sa makullin a jakata, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya ce in dawo da shi.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Na ce musu aikin safe gare ni. Na sa atamfa ruwan ƙasa da baƙin hijabi har ƙasa, na ɗaura niƙabi wanda ban saba sawa ba, na shiga mota. Kun san hanyar nan. Ana barin gari hira ke mutuwa, kowa ya koma motsa leɓe, direba yana leƙen daji hagu da dama. Muna cikin wannan halin saƙon Shamsu ya shigo: "Sarauniyata ta tashi lahiya? Na yi mafarkinki." Da hoton fure ja har guda uku. Na kife wayar a cinyata.

Rabona da shagonsa fiye da shekara, don ba kyau a riƙa ganin budurwa a wurin sana'ar wanda za ta aura. Shagon da na sani ƙofa biyu ne da kanta. Yanzu an fasa bayansa an gina ɗakuna uku, an jera benci a rumfa, mata sun cika shi da yara a goye, yawancinsu daga Badarawa da ƙauyukan kewaye. Na samu gefe na zauna kamar kowa.

Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni. "Ke ma wurin Sista Rumaisa kika zo?"

Na ce, "Wa?"

"Sista Rumaisa mana. Daga babban asibitin Kaura anka ɗauko ta. Takardarta na nan rataye, da hatimi da komi."

Sai labule ya ɗaga. Wata ta fito cikin fararen kaya masu guga, da farin hijabi, takunkumi ya rufe mata fuska sai idanu. A ƙirjinta an maƙala ɗan allo mai ɗauke da sunana cikakke, har da na mahaifina. Ta ce, "Mai bi," kuma da jin muryar na gane ta. Rashida ce, ƙanwar Shamsu, wadda ta gama sakandare da ƙyar, wadda take zuwa gidanmu da goron Juma'a tana ce mini Anti.

Na bi bayanta na tsaya a bakin ƙofa. Yarinya ce 'yar shekara uku a kan gado, gudawa ta zuƙe ta. Rashida ta soka allurar ƙarin ruwa ta rasa jijiya, ta zare ta sake sokawa, ta sake. Robar ruwan cike da iska, ko fitar da ita ba ta yi ba. A karo na huɗu na ture ta gefe, na karɓi hannun yarinyar, na fitar da iskar na sa mata ruwan. Sannan na ɗage niƙabina.

Rashida ta ja da baya har ta bugi bango. "Anti..."

"Ciro sunana daga ƙirjinki."

Ta ciro ta miƙo mini. Na wuce ofishin yayanta ban yi sallama ba.

Yana zaune a kujera mai juyawa cikin shadda ruwan toka, da abin awon ƙirji rataye a wuya, abin da na tabbata bai san me ake saurare da shi ba. A bangon bayansa, tsakanin kalanda da agogo, ga lasisina a cikin firem mai ruwan zinariya. Ya gan ni, ya yi murmushin nan da a da yake kashe mini jiki.

"Sarauniya da kanta. Zauna mu yi magana ta hankali."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Rumaisa, hakanga kowa ka yi. Ba a ba mutum izinin buɗe wuri sai da takardar nas, ke kau taki na kwance cikin akwati tana shan ƙura. Yayanki ya hwaɗa min kina shirin tahiya wata goma sha takwas ki sha wahala don a ƙara miki albashi. Ni na ƙara miki shi kina kwance ɗakinku."

"Wa ka amsar ƙarin?"

"Tambayi yayanki. Duk ƙarshen wata."

Na zagaya teburin na fizgo firem ɗin har ƙusar ta fito da ƙasar bango. Na ɓalle bayansa na zare takardata. Ina jira ya hana ni, don wallahi na shirya mu yi ta a gaban marasa lafiyarsa. Bai motsa ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata ambulan mai ruwan ƙasa ya tura mini.

"Tunda kin zo, ga saƙonki. Kwana tara yana nan, ina tunanin yadda zan hwaɗa miki."

Takardar kira ce daga kwamitin binciken ma'aikatan lafiya a Gusau, da sunana da lambar lasisina. Wata mata mai suna Asiya daga Badarawa ta haihu a wannan wurin ranar uku ga wata, jini ya ɓalle mata, ta rasu kafin la'asar. Mijinta Muhtari ya kai ƙara. Katin haihuwar ya nuna Sista Rumaisa'u Junaidu ce ta karɓe ta. Ana nemana ranar Litinin ƙarfe goma na safe, in ban je ba a dakatar da lasisina.

Litinin ɗin da makaranta ke jirana ƙarfe tara, a wani gari daban.

Na karɓi haihuwa ta fi ɗari biyar. Na san abin da ake yi in jini ya ɓalle, na san allurar da ake yi da inda ake dannawa da lokacin da ake cewa a ɗauko mota. Matar nan ta kwanta ta miƙa ranta ga sunana, a bayan takunkumin kuma Rashida ce.

"Abin mai sauƙi na," in ji Shamsu, ya sassauta murya. "Ki tahi ki ce ke kika amshi haihuwar, kin yi iya yinki, jini ya rinjaya. Ke kin san kalmomin da suka son ji. Nas mai lasisi in mace ta mutu hannunta, ƙaddara ta, iyaka su ja miki kunne ko su dakatar da ke 'yan watanni. In kau anka ce marar lasisi ta, Rashida gidan yari, ni gidan yari."

"Allah ya sa a haɗa ku ɗaki guda."

"Da wanda yas sa hannu."

Ya ajiye wata takardar a gabana. Yarjejeniya ce, wai ni na amince in zama nas mai kula da wurin. A ƙasa an rubuta sunana a matsayin sa hannu. Na san wannan rubutun, na Yaya Faruku ne. Shi ne yake sa hannu a katin sakamakona tun ina firamare in Baba ya yi tafiya, da wata 'yar ƙugiya da yake yi wa harafin farko.

Na ciro zoben azurfar da Shamsu ya ba ni na ajiye a kan yarjejeniyar. Ban jefa masa ba, don bai kai in ɓata ƙarfina ba.

Ina isa gida na tarar labari ya riga ni. Yaya yana tsaye a tsakar gida, Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, idonta ya yi ja.

"Ke wace irin ɗiya ta?" in ji Yaya. "Ki tahi har wurin sana'ar mutum ki tozarta shi gaban jama'a?"

"Kai wane irin wa na? Ka sayar da sunana wata takwas, ka yi sa hannuna, an kashe mata da shi."

"Sayarwa? Rufin ɗakin ga da ruwa ka zuba, da mi anka gyara shi? Maganin hawan jinin Inna hwa? Albashin naki da ba ya kai sati biyu?"

"Da ka tambaye ni."

"Da kin yarda?"

"A'a."

"To shi ya sa ban tambaya ba."

Ku ji fa. A wurinsa wannan amsa ce. Na shige ɗaki na bar shi yana faɗa da iska.

Ranar Juma'a na je wurin aiki na buɗe rostar watan, wato jadawalin aikinmu. Ranar uku ga wata ina Kaura tun ƙarfe takwas na safe har huɗu na yamma, na karɓi haihuwar tagwaye, ga sunana a littafin ɗakin haihuwa, ga sa hannun shugabarmu. Na yi kwafi ta buga mini hatimi, ta dube ni ta ce Allah ya fid da ni. Daga nan na kira makarantar na roƙi a ɗaga mini zuwa Talata. Mutumin ya ce mutum goma sha ɗaya ne ke jiran gurbin, ya kashe waya. Na rubuta wa Azumi komai. Amsarta gajera ce: "Makaranta na nan baɗi. Lasisi in ya ɓaci ya ɓaci. Ki tahi Gusau." Na zauna a bayan ɗakin magani na yi kuka mai isata, don shekara uku na yi ina bin gurbin nan.

Ranar Lahadi da hantsi ina guge hijabin da zan sa Inna ta shigo ta zauna a bakin katifata. Ta daɗe tana kallon takardun da na jera.

"Rumaisa, in kin nuna musu wagga, mi za ya samu Faruku?"

"Aikinai zai tahi. Watakila hiye da haka."

"Yana da ɗiya huɗu."

"Asiya ma ta bar ɗa, Inna. Ko nononta bai sha ba."

"Wadda ta mutu ta mutu, Allah ya jiƙanta. Ki ce ke ta. In sun amshe takardar, Shamsu na riƙe ki, ba ki rasa ci ba ki rasa sha." Ta kamo hannuna. "Takarda ta hwa, ɗiyata. Shi kau ɗan'uwanki na, ciki guda."

Ina son Inna, kuma ban taɓa jin haushinta irin na wannan lokacin ba. Ita ta sayar da awakinta biyu ta biya mini kuɗin jarrabawar ƙarshe, ita ta yi guɗa ranar da takardar ta iso. Yau ita ce ke ce mini takarda ce kawai.

"Inna, kin san an ba shi lasisin?"

Ta saki hannuna. Ta miƙe. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in na kai yayana ƙara kada in dawo mata gida. Na ci gaba da gugata.

Litinin da sassafe na fito da jaka ɗaya da fayil a hannu. Ba wanda ya yi mini Allah ya kiyaye. A tasha motar garin da makarantar take tana lodi a gefe, saura mutum biyu, na ɗauke kai na wuce ta na nufi ta Gusau. Na samu kujerar tsakiya. A gefena wata tsohuwa ce riƙe da jariri a cikin tsohon zane, tana ɗiga masa madara da cokali, rabi na shiga rabi na bin wuyansa. Kusa da ita wani mutum ne siriri da rigar yadi da ta koɗe, hannuwansa duk kanta irin ta masu noma, ya riƙe wata ambulan mai ruwan ƙasa irin tawa sak.

Ɗan kamashon tashar ya san ni, ni na karɓi haihuwar matarsa bara. Ya leƙo ta taga yana washe baki.

"A'a, Sista Rumaisa, yau Gusau za a? Ki dawo gaba mana."

Cokalin tsohuwar ya tsaya. Mutumin ya juyo a hankali ya dube ni, daga fuskata zuwa hannuwana. Bai taɓa ganin fuskar wadda ta karɓi haihuwar matarsa ba, suna kawai ya sani.

"Ke ta Sista Rumaisa'u Junaidu?"

Direba ya riga ya rufe ƙofa ya tayar da mota. Na buɗe fayil ɗin a kan cinyata, na ɗora rostar a sama inda zai gani.

"Ni ta, Malam Muhtari," na ce. "Wuri guda za mu. Ba ni yaron in gyara mishi kwanciya, yana shaƙewa, sannan in hwaɗa maka wadda ta taɓa matarka."

Tsohuwar ta ƙara ƙanƙame jaririn a ƙirjinta, ta juya mini baya.